Cape Coast da dajin Kakum: wuraren sun biya, masu kai mu ne suka so su ɓata mana tafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na dawo daga Gana ake ta kirana ana tambayata yaya tafiyar nan ta Cape Coast ta kasance, wa ya kai mu, shin gadar nan ta saman bishiyoyi da na ɗora hotonta da gaske ce ko haɗi ne, to na ga gara in zauna in rubuta komai sau ɗaya kowa ya karanta, wanda ke da niyyar zuwa ya san abin da zai tarar da kuma abin da zai kauce wa.

Biki ne ya kai mu Akara, auren 'yar Kawuna a unguwar Nima, ni da maiɗakina. Kawu ya fi shekara talatin a can, amma wallahi bai taɓa taka Cape Coast ba, kuma da na bincika yawancin mutanenmu na Zango haka suke, ana jin labarin wurin kamar na wata ƙasa alhali tafiyar awa uku ce idan hanya ta yi kyau. Bayan an watse biki sai na ce Kawu mu je mana, ya ɗan yi jim ya ce to, Allah ya kai mu. Ƙaramar 'yarsa ita ta nemo mana wani kamfanin yawon buɗe ido a Facebook, ba zan faɗi sunansu ba, ba tozarta kowa na zo yi ba, amma abin da suka yi zan faɗe shi yadda yake. Tallarsu ta ce yini ɗaya, wuri uku: dajin Kakum, gidan bayi na Cape Coast, wato tsohon sansanin Turawa da ake tara bayi kafin a haye teku da su, da na Elmina, har da abincin rana, bas mai esi, tashi ƙarfe biyar da rabi na asuba. Muka biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, aka turo mana risit.

Mun yi sallar asuba a gurguje muka isa wurin haɗuwa kafin lokaci. Bas bai zo ba sai bakwai saura, da ya zo kuma sai aka shiga zagaye gari ana ɗaukar wasu fasinjoji daga otal zuwa otal, kafin mu fita Akara rana ta ɗaga sosai, muka zo muka afka cikin goslon Kasoa, wanda duk ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Af, Kawu ne ya tuna min ai sunan garin ma namu ne, kasuwa ce aka mayar Kasoa. Wannan latti na awa ɗaya da rabi shi ya bi mu har dare, komai na ranar a guje aka yi shi.

Hanyar kanta tana da daɗin kallo, a wuce mararrabar Winneba, a wuce Mankessim, can gaba sai teku ya fara leƙowa ta hannun hagu tsakanin bishiyoyin kwakwa, mata a bakin titi sun jera abarba da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, irin na ƙabilar Fante wanda ake naɗewa da ganyen ayaba. Daga Cape Coast ake karkata arewa a kama hanyar Kakum, wajen kilomita 30 ne, ƙauyuka da gonakin koko da na kwakwar manja dama da hagu.

Mun isa Kakum wajen sha ɗaya da rabi, kuma nan ne kuskure na farko, don lokacin motocin 'yan makaranta sun riga sun cika wurin fakin. Su ma'aikatan dajin gaskiya ba ni da abin cewa a kansu sai alheri, tsarinsu a fili yake: ka sayi tikiti a ba ka kati ka rataya a wuya, a tara ku rukuni-rukuni, kowane rukuni da ma'aikacin da zai ja shi. Kuɗin shiga kala-kala ne, na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi da yara daban, saboda haka ka riƙe katin shaidarka a kusa. Akwai ɗan ɗakin baje koli a wurin karɓar baƙi da ke bayanin dajin da dabbobinsa, da wurin cin abinci, da banɗaki mai tsafta.

Shi wannan daji tun 1931 aka keɓe shi, sai a 1992 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 350. Mu da muka taso a arewa muna cewa daji, amma namu fili ne mai itatuwa jefi-jefi kana hango nesa. Wannan kurmi ne na gaske, kana shiga haske ya ragu kamar magariba ta kawo kai, iska ta yi nauyi, ƙasa a jiƙe, gumi ya fara bin bayanka tun ba ka yi taku hamsin ba. Kafin ka kai gadar sai ka hau tudu, matakala ce ta duwatsu, kamar minti ashirin, kuma masu talla ba sa faɗin wannan. Kawu ya haura sittin, sau biyu muka tsaya ya huta a rumfar da aka yi a hanya, ma'aikacin nan bai nuna ƙosawa ba ko kaɗan, da Hausarsa 'yar kaɗan yake ce masa sannu Baba, sannu Baba. Ya nuna mana wani rimi, na san rimi tun ina yaro amma ban taɓa ganin irin wannan ba, saiwoyinsa sun fito waje kamar katanga har mutum zai iya ɓuya a tsakaninsu, ka ɗaga kai har hularka ta zame ba ka ga ƙarshensa ba.

Sai gada. A 1995 aka gina ta, wasu 'yan Kanada tare da 'yan Gana, guda bakwai ce a jere, tsawonta gaba ɗaya ya ɗan haura mita 300, wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30 ko fiye. Faɗinta na katako ɗaya ne, an shimfiɗa shi a kan tsanin ƙarfe, ga raga dama da hagu ta kai maka ƙirji ko kafaɗa, ga igiyoyi masu kauri da wayoyin ƙarfe sun ɗaure ta daga wannan bishiya zuwa waccan, a jikin kowace bishiya an yi ɗan dandamali na katako inda za ka tsaya ka numfasa. Kana ɗora ƙafa za ta amsa, ta yi ƙara ƙiii, ta ɗan karkata, idan na bayanka ya taka sai ka ji takunsa a gwiwarka. Na ji tsoro a ta farko, gabana ya faɗi sosai, na yi ta karanta abin da ya sawwaƙa. Maiɗakina tana gabana ta riƙe igiya da hannu biyu tana tafiya a hankali ba ta ce uffan ba sai da muka kai dandamalin farko ta ce Alhamdulillahi. Amma daga ta uku zuciya ta kwanta, na tsaya na duba, subhanallahi, kore ne iya ganinka, tudu bayan tudu, kan bishiyoyi a ƙarƙashin ƙafarka kamar an shimfiɗa darduma, wani malam-buɗe-littafi shuɗi mai faɗin tafin hannu ya zo ya wuce ta gefen fuskata. Wanda ya ji ba zai iya bakwai ɗin ba akwai gajeriyar hanya da ake fita bayan 'yan kaɗan, Kawu ita ya bi, kuma ba abin kunya ba ne.

Abu ɗaya da ya kamata in faɗa don kada wani ya je da dogon buri: ba za ka ga giwa a kan gadar nan ba. Akwai giwaye a dajin, irin na kurmi waɗanda ba su kai na fili girma ba, akwai birai iri-iri da tsuntsaye da yawa, amma suna can ciki nesa da hayaniya, mu kuma da tsakar rana muka hau ga yara sun fi hamsin suna ihu suna girgiza gada ana tsawata musu. Wanda ke son ganin giwa ido da ido kamar yadda ake fatan gani a Yankari, to Mole zai nufa a arewacin Gana. Kakum wurin bishiya ne da tsuntsu da shiru, kuma shirun nan sai da sassafe ake samunsa. Ma'aikacin ya ce mana akwai yawon ƙasa cikin kurmi da ake nuna itatuwan magani, akwai na kallon tsuntsaye da asuba, har ɗakin kwana na kan bishiya akwai ga mai son ya kwana a ciki ya yi yawon dare. Duk ba mu samu ko ɗaya ba, muna saukowa yaron kamfanin nan yana ta tafa hannu wai mu yi sauri. Ko zumar da ake sayarwa a bakin hanya sai ta taga na miƙa kuɗi na karɓa.

A nan na fara jin haushi. Azahar ta yi, na ce masa ɗan'uwa a ba mu minti goma mu yi sallah, ya ce sai mun isa. Abincin ranar da aka yi alkawari kuma ya zama fakiti a cikin leda da aka ɗauko tun safe, shinkafa da nama, na tambaye shi naman mene ne kuma wa ya yanka ya ce bai sani ba. Muka ajiye. Mu huɗu ne musulmi a motar kuma tun ranar biyan kuɗi 'yar Kawun nan ta gaya musu. Ba wai sun yi da mugunta ba ne, rashin kula ne kawai, amma wanda ya karɓi kuɗinka ya kamata ya san wa ya ɗauko.

Wajen uku da rabi muka isa gidan bayi na Cape Coast. Muka yi alwala da ruwan leda muka yi sallah a gefe kafin mu shiga. A ƙofa samari za su tare ka da fara'a su tambayi sunanka, idan ka faɗa kafin ka fito sun rubuta shi a jikin ƙwanson teku ko abin hannu suna jiranka ka saya, neman abinci suke, idan ba ka so ka ce a'a da murmushi ka wuce.

Daga waje farin gini ne ƙato a bakin teku, kyakkyawa ma kuwa, ga manyan bindigogi baƙaƙe a jere sun fuskanci ruwa, ga tulin harsasansu kamar ƙwallo a ƙasa. 'Yan Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653 don cinikin katako da zinariya, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka ƙwace a 1664, daga nan ya zama hedikwatarsu a wannan gaɓa, kuma daga nan aka mulki ƙasar har 1877 da aka mayar da babban birni Akara. Tun 1979 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran irinsa na gaɓar Gana. Jagoran da aka haɗa mu da shi matashi ne ma'aikacin wurin, kuma shi ne mutumin da ya fi burge ni a duk tafiyar. Ba ya ɗaga murya, ba ya ƙara gishiri, idan ka yi tambaya ya tsaya ya amsa.

Ya ce mu bi shi a hankali, muka gangara wata hanya mai santsi zuwa kurkukun maza. Tun daga bakin ƙofa wari ke tarbar ka, ba wari mai ƙarfi ba, wani irin gumi ne na tsohon gini da gishiri da wani abu da ban san sunansa ba, yana kama maƙogwaro. Ɗakuna biyar ne a ƙarƙashin ƙasa, ya ce kowanne akan cusa mutum wajen ɗari biyu, wato dubu a lokaci guda, su yi makonni wani lokaci watanni suna jiran jirgi. Tagar 'yar huda ce can sama kusa da rufi. A ƙasa akwai ɗan kwalbati siriri da aka yi wai don fitsari ya bi. Sai ya ce mu dubi abin da muke takawa, na ɗauka siminti ne ko daɓe, ya haska fitila ya nuna mana wani gefe da aka kankare har bulon asali ya fito, ya ce wannan baƙin da ke sama ba daɓe ba ne, abin da ya fita daga jikin mutane ne, kashi da jini da amai da ragowar abinci, shekara da shekaru ƙafafu suna takawa har ya daskare ya zama ƙasa. Wallahi sai na ji kamar in cire takalmina. Sannan ya ce zai kashe wuta na ɗan lokaci. Ya kashe. Mu kusan ashirin ne kawai a ɗakin amma nan take numfashi ya fara wuya, ba ka ganin tafin hannunka, kana jin teku yana dukan bango ta waje, dum, dum. Wata baiwar Allah baƙar fata daga Amurka da ke rukuninmu ta fashe da kuka, maiɗakina da ba su taɓa magana ba ta lalubo hannunta ta riƙe, haka suka fito tare.

A ɗaki na ƙarshe akwai wurin bautar gargajiya na mutanen garin, da furanni da zuriyar bayin suka kawo suka jingina a bango da rubutu a jiki. Mu dai addu'a muka yi a zuci muka wuce. Abin da ya tsaya min shi ne da muka fito ya nuna mana saman kurkukun daidai, ya ce nan ne cocin Turawan yake, suna ibada a sama mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Kuma da muka hau ɗakunan gwamna sai ga tagogi manya-manya ta kowane gefe, katako a ƙasa, iskar teku mai sanyi tana kaɗawa. Tsakanin nan da inda muka fito bai kai tafiyar minti biyu ba.

Akwai wani ɗan ɗaki da ake kai wanda ya yi tawaye, babu taga ko ɗaya, ƙofa a bayan ƙofa, ba ruwa ba abinci har rai ya yi halinsa, a ƙasan akwai zane-zanen da aka ce na sarƙa ne da farce. Ban iya daɗewa a ciki ba. Daga nan sai kurkukun mata, sai ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa. Yana buɗe ta haske ya dake mu, sai ga rayuwa a waje, jiragen masunta masu fenti da tutoci, maza na gyaran koma, yara na wasa a yashi. Ta waje an rubuta mata wani suna, ƙofar dawowa, domin a 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka shigo da su ta nan aka kai su Assin Manso aka binne. A tsakar gidan akwai kaburbura, ciki har da na Philip Quaque, baƙar fata na farko da cocin Ingila ya naɗa limami, da na gwamna George Maclean, ga kuma allon tunawa da zuwan Obama da iyalinsa a 2009.

Kawu bai ce komai ba duk tsawon zagayen nan. Sai da muka fito ya zauna a kan wani dakali kusa da bindigogin, ya kira ni ya ce ɗana zo. Ya ce kakansa, wato kakan mahaifiyata, bafatake ne, da jakuna suke zuwa Gwanja sayen goro, sun yi ta jin sunan Salaga a gida tun suna yara kamar garin arziki. Ya ce to a wannan kasuwar ta Salaga ba goro da kanwa da tufafi kaɗai ake sayarwa ba, har da mutane, kuma ayarin namu suna cikin masu kawowa. Ni ma na san haka a karatu amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai ranar. Gaskiya ne bunƙasar fataucin goro ta fi ƙarfi bayan Ingila ta hana cinikin bayi ta teku a 1807, kuma Hausawan da aka kai Birazil, waɗanda suka yi ta tayar da ƙayar baya a Bahia, galibinsu ta wajen Legas da Wida aka fitar da su ba ta wannan ƙofa ba. Amma tun ƙarni na 18 ake gangaro da mutanen arewacin Gana ta hannun Asante zuwa bakin ruwa, har kalma suke da ita ta bawan da aka sayo daga arewa, odonko, kuma kogin Assin Manso da ake yi musu wankan ƙarshe sunansa daga wannan kalmar ya fito. Wato mu ba 'yan kallo ba ne a labarin nan. An sayar da namu, namu kuma sun sayar. Mutumin da ya zo daga Amurka yana kuka don kakansa ya fita ta ƙofar, mu kuma muna da namu abin da ya kamata mu tsaya mu duba, kuma ina ganin rashin zuwanmu wurin nan asara ce babba.

Muna cikin wannan magana yaron kamfani ya zo wai kowa ya shiga mota, Elmina ba za ta yiwu ba dare ya yi, gidan tarihin da ke saman ginin ma ba mu leƙa ba. Ba haƙuri, ba maganar rage kuɗi. Kawu ya dube ni ya ce mu ba za mu koma yau ba. Muka sauke jakarmu muka ce su tafi.

Wannan shawara ita ta gyara tafiyar. Muka tari tasi zuwa Kotokuraba, nan ne babbar kasuwa kuma nan Zangon garin yake, muka samu jam'in magariba a masallaci, ana idarwa Kawu ya gaisa da wani dattijo, kafin ka ce kwabo an nuna mana masauki mai sauƙin kuɗi an kuma raka mu inda za mu ci abinci hankali kwance. Dokunu da soyayyen kifi da shito, wato soyayyen yajinsu, muka ci, kifin ranar ne, yajin nan har hawaye. Da safe koko da ƙosai a bakin titi, wanda duk Gana ke kira kokon Hausa, sannan muka koma muka ga gidan tarihin a natse, akwai sarƙoƙi da mari da ƙarfen da ake yi wa mutum lamba da shi, da taswirar hanyoyin da ake bi da su. Awa ɗaya muka yi ba wanda ya tafa mana hannu.

Daga nan Elmina, tafiyar kamar minti ashirin ce. Shi ya girmi na Cape Coast nesa ba kusa ba, 'yan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Abin da ba zan manta ba a can shi ne tsakar gidan mata, ga baranda a sama inda gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, ga matakalar katako da ake hawa da ita zuwa ɗakinsa, ga dunƙulen ƙarfe a ƙasa da ake ɗaure wadda ta ƙi a rana. Ƙofar fitarsu siririya ce ƙwarai, sai mutum ɗaya a karkace. A nan kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo daga baya tsibirin Seshel, ana nuna ɗakin. Idan ka hau sama ka leƙa za ka ga bakin ruwan Benya cike maƙil da jiragen kamun kifi, ga wani sansanin a kan tudu yana kallon wannan. Idan lokacinka na wuri ɗaya ne kawai ni Cape Coast zan ce, don bayanin ya fi zama a tsare ga gidan tarihi, amma wanda ya ga biyun ya fi.

Masu tambayar wane lokaci ya fi, ya danganta da abin da kake nema. Elmina suna bikin Bakatue ranar Talatar farko ta watan Yuli, na buɗe kamun kifi a ruwan Benya. Mutanen Cape Coast nasu Fetu Afahye ne, babbar ranar ita ce Asabar ta farko a Satumba, sarakuna a cikin abin ɗauka da laima da kiɗa, gari ya cika ya batse. Ranar 1 ga Agusta ake tunawa da 'yanta bayi, ana taro a gidan bayin da Assin Manso, sannan akwai PANAFEST, bikin al'adu na 'yan Afirka da zuriyarsu na ƙetare, da ake yi duk bayan shekara biyu a daidai wannan lokaci. Tun da gwamnati ta yi shekarar dawowa gida a 2019 baƙi daga Amurka da Karebiyan suka ƙaru sosai, musamman a Disamba. A irin waɗannan lokuta sai ka kama ɗaki da wuri. Bukukuwan nan akwai al'adun gargajiya da shaye-shaye a ciki, kowa ya san abin da ya dace da shi. Ni dai don kurkukun nan na fi son ranar aiki da ba cunkoso, wurin ba na hayaniya ba ne, kuma dan Allah wanda ya je ya rage ɗaukar selfi yana dariya a ciki, na ga masu yi kuma abin ya sosa min rai.

Idan maki zan bayar, Kakum huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na rage na lokacin da aka kai mu ne. Gidajen bayin biyu biyar-biyar, jagororin sun san aikinsu, ka ɗan ba su wani abu bayan an gama sun cancanta. Kamfanin nan biyu, don direban yana tuƙi da hankali kuma esin yana aiki, iyakarta ke nan. Duk wanda ya ce maka zai haɗa maka wuri uku a yini ɗaya daga Akara ya dawo da kai, tambaye shi ƙarfe nawa za ku isa Kakum, minti nawa za ku yi a kowane wuri, ina za a tsaya sallah, abincin daga ina, kuma ya rubuta maka. Mafi sauƙi ma ka hau mota da kanka daga tashar Kaneshie ka kwana a Cape Coast, ka yi sammakon Kakum kana cikin rukunin farko, da takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba, da ruwan sha, da 'yar jaka ta goyo don hannunka biyu za ka buƙata a kan gada, in damina ce ka ƙara da rigar ruwa. Tsoho ko mai hawan jini ko mai juna biyu a yi shawara kafin a hau tudun nan. Yara ƙanana kuma gadar ba matsala idan sun kai tsayin raga, amma kurkukun ka fara yi musu bayani tun a waje.

Da muka dawo Nima Kawu ya sa aka kira 'ya'yansa maza biyu ya zaunar da su ya ba su labarin ɗakin nan mai baƙin daɓe tun daga farko, ya ce bayan sallah babba su shirya mota, wannan karon ta Assin Manso za a bi, daga nan Kumasi, sannan a wuce Salaga ya ga rijiyoyin da kakansa ke ba su labari. Ya ce in Allah ya kai mu in zo, na ce masa in sha Allahu Kawu.